Ƙafar Zomo, Ciyawar da ke Yi wa Kanta Taki

Yau zancenmu a kan wata 'yar ciyawa ne, wadda tsawonta bai cika wuce taƙi guda ko biyu ba, ba a shuka ta, ba a sayar da ita a kasuwa, dabbobi ma ba su cika son ta ba. Tana fitowa a gefen hanyoyi da bakin layin dogo a nan garin Alezandariya da kewayensa, a ƙasar Amurka. Mutanen nan suna kiran ta da wani suna wanda ma'anarsa da Hausa ita ce ƙafar zomo, mu ma haka za mu riƙa kiran ta. Abin da ya sa muka zaɓe ta kuwa shi ne, tana rayuwa a ƙasar da ta gaji, inda manyan tsirrai suka kasa, kuma dabarar da take yi ta rayu a can ita ce dabarar da gyaɗa da wake ke yi a gonakin Kano da Katsina da Maraɗi.

Bari mu fara gyara wani ruɗani. Wannan Alezandariya ba ita ce Iskandariyya ta Masar ba. Gari ne a jihar Bajiniya, a gaɓar yamma ta kogin Fotomak, kamar mil 7 kudu da tsakiyar birnin Washinton. An kafa shi a shekarar 1749, ya kuwa samo sunansa daga wani gida na Turawa, zuriyar Alezanda, waɗanda ke da filin tun da farko. Amma abin sha'awa, ita ma Iskandariyya ta Masar tana da tata ciyawar a cikin wannan dangi. Duk ɗalibin da ya yi karatu a Azhar ya ga amalanke shaƙe da wata ɗanyar ciyawa kore shar ana kai wa jakuna da shanu lokacin sanyi. Ita ce Masarawa ke kira barsim, masana kuwa suna kiran ta Trifolium alexandrinum, watau mai ganye uku ta Iskandariyya. Barsim 'yar gata ce, ana shuka ta, ana ba ta ruwan Nilu, ana yankan ta sau da yawa a shekara. Tamu ta yau kuwa ba ta da mai kula da ita sai Allah.

Sunan ƙafar zomo a wurin masana ilmin tsirrai shi ne Trifolium arvense. Wani masani mutumin ƙasar Suwidin, mai suna Linne, shi ya raɗa mata shi a shekarar 1753, a cikin babban littafinsa wanda ya tsara sunayen tsirrai biyu biyu, na dangi da na ɗa. Kalmar farko da Latinanci tana nufin ganye uku, ta biyun kuma tana nufin ta gona ko ta fili. Irin waɗannan masu ganye uku sun kai iri 250 ko fiye a duniya. Yawancinsu suna ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, da yammacin Amurka ta Arewa, da kuma tuddan Habasha da gabashin Afirka. A Afirka ta Yamma sai an hau manyan duwatsu masu sanyi, irin na Kamaru, kafin a gan su, don ba su jure zafin ƙasa irin tamu. Dukansu kuma suna cikin babban gidan nan na masu kwanso, gidan wake da gyaɗa da gujiya da gawo da bagaruwa da ɗorawa. Wanda ke son ya kwatanta ta da abin da ya sani a gida, to, ya tuna da gadagi, wanda ake yanka a kai wa doki. Ba kamannin ganye suka haɗa su ba, hali ne ya haɗa su: duka biyu na shekara guda ne, suna son jigawa, suna kuma cikin gida ɗaya.

To, yaya siffarta take? Tana tashi tsaye, tsawonta daga inci 4 zuwa inci 16, gwargwadon ƙarfin ƙasar da ta samu. Karanta siriri ne, yana rassa, wani lokaci da ɗan ja-ja, kuma duk jikinsa lulluɓe yake da gashi mai laushi. Kowane ganye ya rabu uku, amma ba masu faɗi ba ne kamar na wake, sirara ne dogaye, ba su cika kai inci guda ba. In rana ta faɗi sai su naɗe su haɗu, kamar yadda ganyen gyaɗa da na tsamiya ke yi, da safe su buɗe.

Kan furen shi ne abin kallo, shi ne kuma ya jawo mata suna. In ka hango shi sai ka ce wani ɗan tufka ne na gashi, toka-toka da ɗan jan ruwan hoda, tsawonsa kamar gaɓar yatsa. In ka shafa shi kuwa, laushinsa kamar tafin ƙafar zomo. Amma wannan gashi ba shi ne furen ba. Ka sa madubin ƙara girma ka duba, za ka ga kan nan taron furanni ne ƙanana da yawa a jere, kowanne fari-fari, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Kowane fure yana zaune cikin ɗan ƙoƙo, bakin ƙoƙon yana da haƙora biyar dogaye masu gashi kamar gashin tsuntsu, sun fi furen kansa tsawo, har sun ɓoye shi. A sauran 'yan'uwanta fure ne ke fitowa fili ya yi ado don ya jawo ƙudan zuma. Ita kuwa ta ƙanƙantar da furen, ta girmama ƙoƙon, kuma akwai dalili. In furen ya bushe, ɗan kwanso mai ƙwaya ɗaya tak yana nan cikin ƙoƙon, ba ya fashewa. Ƙoƙon ne ke ɓallewa gaba ɗaya da gashinsa, iska ta kwashe shi, ko ya maƙale a jikin dabba ko a ƙafar wandon mai wucewa. Aikin da ƙarangiya ke yi da ƙaya, shi ƙafar zomo ke yi da laushi. Ƙwayar kuwa ba ta fi ta alayyafo girma ba, launinta rawaya-rawaya.

Yanzu sai mu duba mazauninta. Alezandariya tana kan iyakar ƙasa iri biyu. Daga yamma akwai tudu mai duwatsu, inda kogin Fotomak ke gangarowa da ƙarfi ta kan manyan duwatsu kafin ya iso Washinton. Daga gabas kuma sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta yashi da laka har bakin teku. Tuddan da ke cikin garin da yawansu tsakuwa ce da yashi waɗanda kogin ya zubar tun zamanin da, ƙasarsu mai tsami ce, ba ta da ƙarfi, ruwa kuma ba ya daɗewa cikinta. Ruwan sama a nan yana kai wa kamar inci 40 a shekara, watau bai yi nisa da na Zariya ba, sai dai na Zariya yana zuba cikin wata biyar ko shida, na nan kuwa a rarrabe yake duk shekara. Duk da haka jigawa jigawa ce, kwana kaɗan na rana ya isa ta bushe. A irin waɗannan wurare ne ake samun ƙafar zomo: gefen titin da aka yanke tudu aka bar tsakuwa a fili, tsohuwar gonar da aka yi wa saura, bakin layin jirgin ƙasa, da fegin da aka share ba a yi gini ba tukuna. A arewacin garin an yi wata babbar tashar haɗa taragun kaya, wadda aka buɗe a 1906, tana cikin manya a gabashin Amurka. Filaye irin nata, na tsakuwa da gawayi da rana, su ne aljannar irin waɗannan ciyayi. An daɗe da rufe ta, gidaje da kantuna sun cinye filin, har an buɗe tashar jirgin cikin gari a wurin a 2023.

Abu biyu ne ba ta so, inuwa da ƙasa mai ƙarfi. Wannan na biyun zai ba mai sauraro mamaki, amma haka yake. In ka zuba taki a inda take, ba takin ne zai kashe ta ba, maƙwabta ne. Dogayen ciyayi za su samu ƙarfi su tashi su rufe ta, ita kuwa ba ta da tsawon da za ta yi gasa da su. Saboda haka manomin Turai na da, in ya ga ƙafar zomo ta yawaita a gonarsa, ya san ƙasa ta gaji, kamar yadda manominmu ke karanta gajiyar gona in ya ga ƙuduji ya yi ja a gindin dawa. Bambancin dai shi ne, ƙuduji ɓarawo ne, yana tsotse dawa. Ƙafar zomo ba ta tsotsar kowa, ƙari ma take yi wa ƙasa, kamar yadda za mu ji.

Rayuwarta duka ba ta cika shekara ba. Ƙwayar takan tsiro da kaka, wajen Satumba ko Oktoba, ta yi 'yan ganye ta kwanta a ƙasa ta jure sanyin hunturu da dusar ƙanƙara, ko kuwa ta jira sai sanyi ya wuce ta tsiro. Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuli ta yi fure, ta zuba 'ya'ya, in zafi ya tsananta ta bushe ta mutu. Mu a ƙasar Hausa mun san wannan dabara sarai. Ciyayinmu na jigawa ba su yin faɗa da rani, mutuwa suke yi su bar iri a ƙasa ya jira damina. To, amma akwai haɗari a nan. In duk irin ya tsiro da ruwan farko, sa'an nan ruwa ya ɗauke, ai zuriya ta ƙare ke nan. Kowane manomin da ya taɓa yin shuka da ruwan farko ya dawo ya sake ya san wannan. Maganin da wannan dangi ke da shi shi ne taurin fata. Yawancin ƙwayoyin suna da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa. Sai zafin rana da sanyin dare sun yi ta aiki a kansa, ko yashi ya goge shi, kafin ya buɗe ƙofa. Waɗansu su tsiro bana, waɗansu baɗi, waɗansu su yi shekaru a kwance. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya ba ke nan, in ji Turawa, mu kuwa sai mu ce mai rumbu biyu ba ya kwana da yunwa don ɗaya ya ƙone. Irin gawo ma haka yake, shi ya sa wanda ya bi ta cikin akuya ko saniya ya fi saurin tsirowa, shi ya sa kuma masu renon itatuwa ke jiƙa shi a ruwan zafi ko su kankare bakinsa kafin su shuka.

Ƙafar zomo baƙuwa ce a Amurka. Asalinta Turai ne da yammacin Asiya da arewacin Afirka. Ta ƙetaro teku tare da Turawa, a gauraye cikin irin shuka da busasshiyar ciyawar da ake ɗauko wa dabbobi a jirgin ruwa, yau kuwa ta bazu a yawancin jihohin Amurka da kudancin Kanada, har ta kai Ostareliya da Niyu Zilan. Wani abu da ya taimake ta shi ne ba ta dogara ga kowa ba wajen yin iri. Ƙananan ƙudan zuma sukan ziyarce ta, amma in ba su zo ba furen yana iya barbarar kansa. Ƙwaya ɗaya da ta faɗo daga tarago ta isa ta kafa gari. Ku kwatanta wannan da babbar yayarta mai jan fure, wadda ake shukawa don dabbobi. Ita furenta dogo ne, sai wani babban ƙudan zuma mai gashi da dogon harshe ke iya kai wa ga zumarsa. Darwin ya yi magana a kan haka a littafinsa na 1859, har ya nuna cewa yawan kyanwoyi a ƙauye na iya shafar yawan wannan ciyawa, domin kyanwa na cin ɓera, ɓera kuwa shi ke rushe gidan wannan ƙudan zuma. Da Turawa suka kai mai jan furen Niyu Zilan sai ta ƙi yin iri sosai, dole a 1885 aka ɗauko mata ƙudan zumanta daga Ingila a jirgin ruwa.

To, jama'a, mu zo ga babbar magana, wadda ke ƙarƙashin ƙasa. In ka tuge ƙafar zomo a hankali ka karkaɗe yashin, za ka ga waɗansu 'yan ƙullutai manne a saiwarta. Wanda bai sani ba sai ya ce cuta ce. Duk wanda ya taɓa tugar gyaɗa ko wake ya ga irinsu, na gyaɗa ma sun fi yawa.

Kowane tsiro yana bukatar wani sinadari da ake kira naitirojin, domin da shi ake gina ganye da ƙwaya, da shi kuma ake gina naman jikinmu. Rashinsa ne ke sa masara ta yi rawaya ta tsumbure. Abin mamaki, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Amma a cikin iska a ɗaure yake tam, biyu biyu, ba tsiron da ke iya kwance shi, ba dabbar da ke iyawa. Ga ruwa har wuya, ga ƙishirwa. Masu iya kwance shi su ne waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, su ne kuwa mazauna ƙullutan nan. Manoman Rum da na Sin sun san tun dubban shekaru cewa dangin wake na gyara gona, kakanninmu ma da suka riƙa haɗa gero da wake a kunya ɗaya sun sani. Dalilin ne ba a gane ba sai a 1886, lokacin da waɗansu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka shuka dangin wake a yashin da aka ƙone aka kashe duk mai rai a cikinsa. Tsiron bai yi ƙullutu ba, ya kuma tsumbure. Da suka zuba masa ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar gona a ciki, sai ƙullutai suka fito, ya yi kore ya girma ba tare da taki ba. A 1888 wani masani na ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware ita bakteriyar ya rene ta ita kaɗai.

Yadda suke haɗuwa kamar ciniki ne. Saiwar tana fitar da wani sinadari cikin ƙasa, kamar mai kiran baƙo. Bakteriyar da ta gane kiran ta mayar da amsa da nata sinadarin. In amsar ta dace, sai ɗan siririn gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume ta, ya buɗe mata hanya kamar zare zuwa ciki, saiwar kuma ta kumbura ta gina mata ɗaki. Mai gida yana ciyar da baƙuwa da sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, baƙuwa kuma tana biyan haya da naitirojin da ta kwance daga iska. Akwai wata matsala guda. Makamin da bakteriyar ke aiki da shi iskar oksijin na lalata shi, alhali ita kanta tana bukatar oksijin ta rayu. Sai tsiron ya ƙera wani jan sinadari, ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja, wanda ke kama oksijin ya riƙa miƙa mata kaɗan kaɗan. Wani masani ɗan Japan, Kubo, shi ya gano shi a 1939. Wannan kuwa ya ba manomi hanyar gwaji da ba ta bukatar ko kwabo. Ka tuge gyaɗa ɗaya lokacin da ta fara fure, ka tsaga ƙullutun da farce ko reza. In cikinsa ja ne, aiki na tafiya. In fari ne ko kore, to, baƙuwa na cin tuwo ba ta biyan haya.

Kowane dangi da irin baƙinsa. Bakteriyar masu ganye uku ba ta shiga saiwar wake, ta wake ba ta shiga tasu. Wannan ne ya wahalar da noman waken suya a wurare da yawa na Afirka, domin irin da aka kawo daga Amurka bai sami abokansa a ƙasarmu ba, sai da masana na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka fitar da irin da ke karɓar bakteriyar gida, irin ta wake. Kuma ba duk mai kwanso ke wannan ciniki ba. Tafasa tana cikin gidan, amma ba ta yin ƙullutu.

Ƙasar da ke kewaye da Alezandariya ta ɗanɗani abin da rashin wannan ilmi ke jawowa. Arzikin Bajiniya na farko taba ce, kuma don fitar da taba aka kafa garin. Taba kuwa mai cin ƙasa ce. Akan share daji a noma ta shekara uku ko huɗu, ƙasa ta mutu, a matsa gaba a share wani. Da daji ya ƙare sai aka wayi gari da gonaki jajaye, zaizayayyu. Joji Washinton, shugaban Amurka na farko, gandunsa na Mount Vernon yana kamar mil 8 kudu da garin nan. Tun wajen 1766 ya rage taba ya koma alkama, daga baya kuma ya tsara juyin shuka na shekara bakwai, inda kowace gona ke samun shekarun hutu a ƙarƙashin ciyawa da mai ganye uku. Ba ƙafar zomo ya shuka ba, manyan 'yan'uwanta ne. Bai san bakteriya ba, ya rasu a 1799, shekara 87 kafin gwajin Jamusawan nan, amma idonsa ya nuna masa alkama ta fi kyau a bayansu. Ya kamata a faɗa kuma, hannuwan da suka yi wannan shuka na bayi ne 'yan asalin Afirka, waɗanda yawansu a gandun ya haura 300 a shekarar da ya rasu. Mutuwar ƙasa ma a kansu ta ƙare. Da gonakin taba suka daina biya, masu gandu da yawa suka ga bayinsu sun fi aikin yawa, sai suka shiga sayar da su kudu, inda ake noman auduga da rake. Daga 1828 zuwa 1836 wani kamfani na Franklin da Armfield, a titin Duke cikin Alezandariya, ya tura dubban mutane ta wannan hanya, aka raba uwa da ɗa, miji da mata. Gidan yana nan tsaye, an mayar da shi gidan tarihi.

Daga baya 'yan Adam sun koyi kwance naitirojin da kansu. Haber ya gano hanyar a Jamus a 1909, Bosch ya gina masana'antar farko a 1913, daga nan takin zamani irin yuriya ya samo asali. Amma abin da bakteriya ke yi a cikin sanyin ƙasa, masana'anta sai da wuta mai tsanani da matsi mai yawa da iskar gas take yin sa, shi ya sa kuɗin taki ke bin kuɗin makamashi, kamar yadda manomanmu suka gani a 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi. A nan kuma yawan takin ne ya zama damuwa. Abin da shuka ba ta sha ba ruwa na wanke shi zuwa Fotomak, daga can zuwa babban mashigin teku na Chesapeake, ya haifar da gansakuka mai yawa, in ta ruɓe ta cinye iskar ruwa kifi ya rasa numfashi. Saboda haka jihar Merilan, maƙwabciyarmu ta ƙetaren kogi, ta shiga biyan manoma don su rufe gonakinsu da shuka lokacin hunturu.

A ganina akwai wata gaskiya da ba a cika gaya wa manomanmu ba in ana yabon wake da gyaɗa. Yawancin naitirojin da suka tara ba a saiwa yake zama ba, yana hawa cikin ƙwaya da ganye. Ƙafar zomo tana ƙara wa ƙasa ƙarfi ne domin a inda ta tsiro nan take mutuwa ta ruɓe. Mu kuwa mukan tuge gyaɗa, mu kai ƙwaya kasuwa, mu ɗaure harawa mu ɗora a kan rufi ko mu sayar a birni. Abin da ya rage wa gonar kaɗan ne, sai fa in an mayar mata da kashin dabbobin da suka ci harawar. Manoman kewayen Kano, waɗanda suka daɗe suna kai taki gona a kan jaki kowace shekara, su ne suka rufe wannan da'ira, shi ya sa gonakinsu suka jure noma shekara da shekaru ba hutu. Har wa yau, ƙullutu ba ya aiki sosai in ƙasa ba ta da sinadarin fosfaras, ƙasarmu ta arewa kuwa tana da ƙarancinsa. Dalilin da ya sa ke nan malaman gona suka daɗe suna cewa a ba gyaɗa takin supa, ba yuriya ba.

Mun ce dabbobi ba su cika son ƙafar zomo ba. Gashin kanta in ya bushe yana iya dunƙulewa a hanjin doki, ganyenta kuma yana da bauri. Wannan baurin ne ya fito da ita daga gefen hanya ya kai ta ɗakin bincike. Makiyaya sun san kumburin ciki, wanda ke kama saniya in ta cika tumbi da ɗanyen dangin wake, kamar yadda yakan faru a Sahel da farkon damina inda wani ɗan tsiro mai ganye biyu, Zornia, ya yi yawa. Abin da ke faruwa shi ne, ganyen na narkewa da sauri ya yi kumfa mai kauri a cikin tumbi, iska ta maƙale cikin kumfar, dabba ta kasa gyatsa, ciki ya kumbura ya danne huhu, cikin sa'o'i kaɗan ta faɗi. Sinadarin bauri, ɗan'uwan wanda majema ke samu daga bagaruwa su jeme fata, yana kama abin da ke yin kumfar ya hana ta tashi. Mai farin fure, wadda ita ce ginshiƙin kiwo a Niyu Zilan, tana da shi a fure amma kusan babu a ganye. Ƙafar zomo kuwa ganyenta cike yake da shi, don haka ma mutanen Turai na da suke dafa ta su sha maganin zawo. A 2012 masana na cibiyar binciken noma ta Niyu Zilan suka ba da labarin sun gano ƙwayar gadon da ke kunna wannan aiki a ganyen ƙafar zomo, suka sa ta cikin mai farin fure, ganyenta ya fara yin bauri. Fatansu shi ne a rage kumburi, a kuma rage iskar da shanu ke gyatsarwa mai ƙara ɗumamar duniya. Aikin ya daɗe a matakin gwaji, domin dokokin ƙasar sun tsananta a kan shuke-shuken da aka sauya wa ƙwayar gado.

Saura 'yan gida. Kafin Turawa su zo, gabashin Amurka yana da nasa masu ganye uku. Akwai wata ta shekara guda ko biyu, Trifolium reflexum, mai babban kai ja da fari, wanda furanninsa ke sunkuyawa ƙasa in sun tsufa. Linne ya rubuta ta a 1753, ya ce mazauninta Bajiniya. Ana kiran ta ciyawar ɓauna, domin ta saba da wuraren da ɓaunan Amurka ke tattakewa da inda gobarar daji ke buɗe sarari. Da aka ƙarar da ɓauna a gabas, aka kuma hana wuta, daji ya rufe, sai ta yi wuyar gani ƙwarai a wannan yanki. Wata 'yar'uwarta mai yaɗo har an ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1983 aka tsinci 'yan tushe a jihar Bajiniya ta Yamma. Aka sa ta cikin jerin tsirran da ke bakin ƙarewa a 1987, aka yi ta nema ana samun ta a gefen tsofaffin hanyoyin daji da inda ake ɗan tattakawa, har aka cire ta daga jerin a 2021.